Buhun Madam

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da aka miƙo mini wuƙa a rumfar albasa ta kasuwar Malanville ba, aka ce in farke ɗinkin da na yi da hannuna. Har yau in na shaƙi warin ruɓaɓɓiyar albasa sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. A sana'armu kuwa wannan wari ba ya yankewa, don haka ku ƙiyasta irin faman da nake yi.

Rumfarmu tana daidai bakin inda kamiyoyi, wato manyan motocin kaya, ke lodi, masu gangarawa kudu da masu haye gada zuwa Gaya. Wurin nan shi ne arzikinmu. Direba ya tsaya, mai saye ya sauko, buhu ya hau, ba ruwan kowa da neman abin ɗauka. A nan mahaifina ya yi sana'a har Allah ya karɓi abinsa, ni ma a nan na buɗe ido. To amma duk mai albasa ya san rabin aikinsa tsince ruɓa ne. Shekara da shekaru abin da muke yi shi ne mu jibge ta bayan rumfa, haɗe da ledoji da tsummokaran buhu. In tulin ya kai mana wuya a kwashe a kai bakin gulbi, ruwa ya san yadda zai yi da ita. Ba wanda ya taɓa ganin laifin haka, har ni.

Sai wata shekara hukumar kula da muhalli ta haɗa kai da mairi, wato ofishin magajin gari, suka tara shugabannin layukan kasuwa. Mun je muna jiran a ce tara, sai muka ji wani zance dabam. Suka ce za su taimaka: za a horar da mutum ɗaya daga kowane layi, a ba da manyan garewani masu murfi, kore na ruɓa da baƙi na leda, a ba da sharet, wato amalanken jaki, da zai riƙa kwashewa, a kuma ba da fili a bayan gari inda ruɓar za ta zama taki. Amma da sharaɗi a wutsiyar zancen. Bayan wani lokaci za su dawo su duba, layin da aka tarar ba shi da tsari mai aiki za a tashe shi, a mai da shi wani fili can kan hanyar Madécali, inda kamiyo ba ya zuwa sai da dalili.

Sarkin rumfarmu, Alhaji Gado, aminin mahaifina ne, Baba nake ce masa. Da aka dawo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya nuna ni, ya ce tunda ni na yi lakwal, wato boko, ni zan je horon. (Faransancin nawa bai wuce na jayayya da direba ba, amma a rumfarmu ni ne malami.) Ya ce mini wurin ubana yana hannuna. Wannan magana ta shige ni, na ɗaura ɗamara tun daga nan, na ce ko zan ɓata da kowa rumfar nan ba za ta gusa ko taku ɗaya ba.

Wadda ta horar da mu wata 'yar siririyar mata ce mai tabarau, 'yar kudu, amma ta daɗe a arewa har ta iya Dendanci. Madam kowa ke ce mata. Ba ta ɗaga murya, ba ta kuma maimaita magana. Ta ce mana tsari ya wuce sharar rana ɗaya: ka san daga ina dattinka ke fitowa, wa ke ɗauka, ina ake kai shi, sannan ka san abin da za ka yi ranar da abin ya lalace. Ta ba kowannenmu lambar wayarta, ta ce duk ranar da wani abu ya ƙi, a kira ta a faɗa, don sun zo ne su gyara tare da mu. Na gyaɗa kai kamar kowa, amma a zuci dariya na yi. Mu 'yan bakin iyaka ne. Tun muna yara muke ganin yadda manya ke yi in duwan, wato kwastan, ko jandarma ya tunkaro: a gyara fuska, a gyara bakin kaya, a ce lahiya lau. A ce wai ni da kaina in kira ma'aikaci in nuna masa inda na gaza? Wannan sashe na karatun a ɗakin horon na baro shi.

Sauran karatun kuwa na riƙe shi fiye da yadda aka ba ni. An ba ni wata riga koriya marar hannu, na sa ta ban ƙara cirewa ba sai in za a wanke. Na kafa garewani a bakin rumfa, na tsaya kansu kamar mai gadin banki. Wanda ya jefa leda cikin kore sai ya sa hannu ya ciro. Na taɓa bin wani baƙon Alhaji har bakin mota da ledar da ya yar, na miƙa masa, ya karɓa ya yi godiya yana zaton tsaraba ce. Na ɓata da mai shayin layinmu har ya daina sa mini madara yadda ya saba. A gida ma matata ta ce ta gaji, ba ta isa ta fere doya ba sai na zo na tambayi ina ɓawon zai tafi. Taubashina Sale, wanda muke sana'a kafaɗa da kafaɗa, shi ya raɗa mini suna Ministan Ruɓa, sunan ya bi kasuwa kafin azahar. Ban damu ba, don abin ya fara aiki. Bayan rumfa ya bushe, ƙuda ya ragu, masu lambu daga wajen ƙauyen Toumboutou har sun fara leƙowa suna tambayar yaushe takin zai nuna.

Ana jibi za a zo duba sai aka yi ruwan bazata, irin wanda ke zuwa kafin kowa ya shirya. Ya doki wani babban lodi da aka sauke mana a fili ba rufi, washegari kuma rana ta buɗe da zafinta. Albasa ba ta yafe wannan. Muka wuni tsinta, garewani suka cika suka tumbatsa, tuli ya tashi bayan rumfa har ya kai mini ƙirji. Na aika a kira mai sharet, aka dawo aka ce ƙarfen ƙafafun sharet ɗin ya karye tun jiya, yana wurin mai walda. Na zaga kasuwa neman wani, duk wanda na samu sai ya ce shi kayan abinci yake ɗauka, ba zai ɓata sharet ɗinsa da ruwan ruɓa ba ana gobe kasuwa. Baba Alhaji kuma ya tafi Madécali wurin manoma, sai da safe zai dawo.

Bayan la'asar muka tsaya ni da Sale muna kallon tulin. Ya ce mini abin mai sauƙi ne, a samu 'yan dako su kwashe a kwanduna su kai bakin gulbi kamar da, wa zai sani. Na ce masa, "Sale, ko rumfar ga za ta tashi gobe, ɓawo guda ba shi zuwa gulbi. Na rantse, kuma ban tashi kaffara ba." Ya ce to Minista ya kira Madam mana, ba ta ba da lamba ba? Na ciro wayar, na nemo sunanta, na dube shi, na mai da wayar aljihu. Idona kuwa sai ya faɗa kan tarin buhunan da babu komai ciki.

Ya kamata in gaya muku ni gwanin ɗinkin buhu ne, ba yabon kai ba. Mu buhun albasa ba a ɗaure bakinsa. Cika shi ake yi har ya yi tozo, a ɗora masa raga a bisa, a bi da basilla a ɗinke, wannan shi muke kira hula. Ta cikin ragar mai saye ke ganin irin albasar da ke ciki. To, ni in na yi wa buhu hula, daga nesa ake gane hannuna. Nan take dabara ta zo mini, na kuwa ji daɗinta kamar an yi mini wahayi. Na sa aka kawo ƙaiƙayin shinkafa daga injin casa, na zuba a gindin kowane buhu don ya shanye ruwa. Na loda ruɓa, na bi da ƙaiƙayi, na danna ledojin baƙar garwa a tsakiya, na sake ruɓa, na sake ƙaiƙayi. A bisa kuma na zaɓo albasa mafi kyau a rumfar, jajaye manya masu sheƙi, na jera su ɗaya-ɗaya kamar mai jeren amarya, na kawo hula na ɗinke. Sale na riƙe da bakin buhu da hannu guda, ɗayan a hanci, dariya na neman kayar da shi. Kafin magariba tulin ya ɓace, buhunan sun yi sahu a can ƙuryar rumfa, bayan duk sauran kaya. Niyyata baƙi na juya baya in san yadda zan kai su fili.

Ban tsaya nan ba. Na wanke garewanin nan da sabulu ciki da waje har suna ɗaukar ido. Da safe na aro kaskon turaren wutar matata na zagaya rumfa da shi. (Rumfar albasa tana ƙanshin ɗakin amarya, kuma ko kaɗan ban ga abin tuhuma a ciki ba.) Baba Alhaji ya sauka daga babur, ya ga wuri fes, ya dafa kaina ya ce Allah shi yi mini albarka, ubana bai haifi banza ba. Na kau da ido, na ce amin da ƙarfi.

Hantsi na yi suka iso, Madam da wani ma'aikacin mairi, bayansu kuma rabin kasuwa. Masu kifi ne a gaba, don an daɗe ana raɗe-raɗin in aka tashe mu su za a ba wurin. Na tarbe su da rigata koriya da duk Faransancin da na mallaka. Madam ta gaisa da Baba, ta wuce kai tsaye ta ɗaga murfin koriyar garwa. Ta leƙa, ta daɗe tana leƙe. Ta ɗaga baƙar, ta shinshina. Sannan ta tambaye ni ina ruɓar ruwan shekaranjiya. Na ce babu, Allah ya kiyaye mu. Ta ce abin mamaki, masu tumatir da masu barkono duk sun yi hasara, mu kaɗai ruwa ya gewaye. Na ce ikon Allah ke nan.

Sai ta cire tabarau, ta juya harshe zuwa Dendanci don kowa ya ji. Ta ce kafin ta zo nan ta biya ta filin taki, ba a kai komai daga rumfarmu ba tun kafin ruwan. Ta ga mai sharet, ya gaya mata abin hawansa na wurin gyara. Ga garewani wayam, ga bayan rumfa a share. Ta ce wuri ɗaya ya rage da dattin zai iya zuwa, ta juya ta dubi wajen gulbi. In haka ne kuwa, ta ce, ba ta da abin da za ta gaya wa hukuma illa layin albasa ya koma halinsa.

Abin da na rantse ba zan yi ba, na kuma ƙi yi, shi ake shirin tashinmu a kansa. Gaskiyar da za ta wanke mu tana can ƙurya sanye da hula. Na tsaya ina auna wace kunya ta fi sauƙi.

Baba Alhaji bai san komai ba, shi abin da ya gani kawai baƙuwa ta ɓata rai a rumfarsa. A al'adarmu kuwa baƙo mai daraja ba ya fita rumfar albasa hannu sake, balle wanda ake son a sanyaya wa zuciya. Ya ce a dakata, ya tattare babbar riga ya nufi cikin kaya da kansa. Na yi sauri na nuna masa wani buhu na bakin hanya, na ce ga mai kyau nan. Ya harare ni. "Yaushe ka ga an ba baƙo na gaba? Na gaba rana ta buge shi, hannu ya taɓa shi. Na kirki baya aka aje shi." Wallahi na san wannan ƙa'ida tun ina goye, ni da kaina nake bin ta kullum. Wurin ɓoye abin kunyata na rasa inda zan kai shi sai inda ake ajiye abin alfahari.

Ya wuce buhu goma sha, bai ko dube su ba, ya je ya tsaya gaban nawa. Ya shafa hular, ya yi murmushi. "Wanga," in ji shi. "Ku dibi albasa don Allah." 'Yan dako suka jawo shi tsakiyar fili, ɗayansu yana cewa buhun ga laushi gare shi kamar katifa. Na ce, "Baba, wanga an riga an saye shi." Ya ce wa ya saye a rumfarsa bai sani ba.

Madam ta ce ta gode, amma aikinta ya hana ta karɓar kyauta. Na ji kamar an sauke mini dutse daga kai, har na fara salati a zuci. Baba ya ce ba a taɓa mai da masa kyauta ba, ba kuma za a fara yau ba. Aka yi ta ja, har ta ce to ga mafita: a buɗe shi nan, a raba wa matan da ke share kasuwa, su suka fi cancanta. Kowa ya ce madalla. Baba ya zaro wuƙa yana neman wanda zai ba, sai muryar Sale daga baya: "Ɗinkin Minista na, Baba. Shi ya san bakin zarenshi."

Haka na karɓi wuƙar nan. Na yanke zare, hula ta buɗe, jajayen albasa suka gangaro gwanin sha'awa, jama'a suka ce tubarkalla. Na fara ɗauka ɗai-ɗai ina sa wa matan a kwanoninsu a hankali, ina fatan ko za su ce ya isa. Babbarsu ta ce wannan tsintar sai yaushe, a zazzage kawai su raba. Kafin in ce uffan 'yan dako sun kama gindin buhu sun ɗaga.

Da farko ƙaiƙayi ne ya zubo. Bayansa wani baƙin curi ya faɗo ya fashe, ledoji suka biyo, ruwan da ya kwana yana dahuwa ya malalo ya nufi takalmin Madam kamar an aike shi. Warin ya tashi ya kori turaren matata har bakin titi. Ƙudan da ban san daga ina suka samu labari ba suka yi caa a kai. Ni ko ina durƙushe, wuƙa a hannu, koriyar riga a jiki, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Wata mai kifi ce ta fara ƙyalƙyalewa, daga nan kasuwa ta ɗauka.

Baba bai yi dariya ba. Ya dubi tulin, ya dube ni, ya ce a hankali, "Shina da 'yan'uwa?" Na ɗaga hannu na nuna sahun ƙurya.

Madam ta ja ƙafarta gefe, ta samu kara ta tsuguna tana tona abin. Ta tambaya ko akwai wanda ya tafi gulbi. Nan Sale, Allah ya saka masa, ya fito ya ce shi da bakinsa ya kawo shawarar gulbi, abin da ya samu zagi ne da rantsuwa. Ta miƙe ta dube ni ta ce, "Malam, ƙarfin da ka sa ka ɗinke waɗannan buhuna, da kaɗan daga cikinsa ka danna waya, da motar mairi ta kwashe muku tun jiya." Ta ƙara da cewa haɗin ruɓa da ƙaiƙayin ma daidai yake, in da ban cusa leda ba da ta ce na fara taki. Hukuncinta shi ne rumfa ta zauna a wurinta tukuna, amma a farke kowane buhu, a tsince leda, a kai sauran fili, mu kuma tsara abin da za mu yi duk ranar da sharet ya sake karyewa. Ta ce za ta dawo, kuma ba za ta faɗi rana ba.

Ni na farke su duka, ban yarda kowa ya taya ni ba. Na wuni tsugune ina tsintar leda cikin ruɓa da hannuna, masu wucewa na gaishe ni da ranka ya daɗe Minista. Wannan duk na iya shanyewa. Abin da ya fi mini ciwo maganar da Baba ya yi mini da yamma, mu biyu kawai. Ya ce tun zamanin ubana ba a taɓa ɗaga hular buhu a rumfar nan an tarar da abin da ya saɓa wa na bisa ba, da wannan suna muke ci. Ya yi gaskiya, don duk kakar nan masu saye ta gindi suka riƙa farke mana buhu. Na ba shi haƙuri, na kuma ce masa ba zan ajiye rigar ba sai na gyara abin da na ɓata. Ya ce da ma bai ce in ajiye ba.

Muka shirya da wani mai lambu da ke da sharet na shanu, duk ranar da namu ya ƙi, shi zai zo ya kwashe ya ɗauki rabonsa na taki. Madam ta dawo ba sanarwa kamar yadda ta ce, wata ranar kasuwa da rana tsaka. Ta tarar da garewani cike, sun yi dumu-dumu, ƙuda na shawagi a murfi, ni kuma ina faɗa da wani kan leda. Ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da ƙazanta irin nata ba. Rumfarmu tana nan inda ubana ya bar ta, kamiyo na tsayawa a bakinta har gobe.

Abin da na koya dai, ashe cikin ma'aikata akwai wanda dattinka ya zo gani, in ka tarbe shi da sabulu da turare ka hana shi aikinsa, ka kuma jawo wa kanka zargin da ya fi laifinka girma. Yanzu ko murfin garwa ya tsage waya nake ɗagawa, har an fara ce mini in rage. Sunana dai bai gama wankuwa ba. Duk sallah nakan kai wa surukata buhun albasa, mai kyau, na baya. Takan sa a zazzage shi a tsakar gida tana tsaye tana kallo, sai ta ga gindin buhun sannan ta yi mini godiya.